Yadda za ka koyi tarihin hulɗar ƙasashe daga ƙofar gidanku a Garwa

Muna tsakiyar azumin 2025, bayan an sauko daga asham, maƙwabcina tela ya tsallako da rediyonsa a hannu. Ya ce, "Malam, duba mini wannan akwati. Kwana uku ke nan ina neman Muryar Amurka, ba na jin kowa." Na ce masa rediyonsa lafiyarsa ƙalau. Ranar 14 ga Maris Shugaba Trump ya sa hannu kan takardar da ta karya hukumar da ke riƙe da tashar, washegari aka ce ma'aikata su zauna a gida. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe gwamnati ce ke biyansu?"

Wannan mutum ya fi shekara 40 yana ɗinki da rediyo a gefen kekensa. Sunayen ministocin ƙasashen da bai taɓa zuwa ba duk suna kansa. Amma tambayar wa ke biyan mai magana, kuma me yake nema a wurinsa, ba ta taɓa zuwa masa ba. Ban ga laifinsa ba. Na koyar da tarihi da labarin ƙasa a makarantun sakandare na arewacin Kamaru har na yi ritaya, na kuma san yadda muke koyar da abin: Turai a shafi ɗaya, Amurka a wani, yaro ya haddace ya zuba a jarrabawa, ya fito bai san cewa rigimar Jamus da Faransa a kan Maroko ta taɓa matsar da iyaka a bakin kogin Logon ba. Tun daga wannan dare muka fara zama a ƙofar gidana a Hausare duk daren Alhamis. Hanyar da muke bi ce zan shimfiɗa a nan, don wanda ke Marwa ko Ngaundare ko Kusuri ko Njamena ya ɗauka ya gyara daidai da garinsu.

Fara da littafi mai gida uku

Sayi kaye mai kauri, irin na 'yan makaranta. Ka ja layi biyu daga sama har ƙasa, shafi ya rabu gida uku. Gidan farko shekara. Na biyu abin da manyan ƙasashe suka yi a tsakaninsu. Na uku abin da ya iso ƙofar gidanmu saboda haka. Doka ɗaya ce: kada ka cika gida na biyu ka bar na uku fayau. In ba ka samo abin da za ka sa a na uku ba, to binciken bai ƙare ba.

Ga yadda shafukan farko na nawa suke. Daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885 aka yi taron Balin. Yawancin mutane sun ɗauka a wurin ne aka zana duk iyakokin Afirka da rula. A gaskiya ƙa'idojin rabo aka tsara, har da cewa jiragen kowa na iya bin kogin Kwara da rassansa, Binuwai kuma reshensa ne. Iyakokin kansu daga baya aka riƙa yanka su, ƙasa biyu-biyu. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ce ta bar Yola a hannun Ingilishi ta miƙa sauran Adamawa ga Jamus. A gida na uku sai ka rubuta 1901: Ingilishi sun ci Yola, Jamusawa sun kama Garwa, Lamiɗo Zubairu ya rasa gadonsa, ƙasa ɗaya ta zama biyu. Ka koma baya da shekara guda ka sa 22 ga Afrilu 1900, ranar da Rabe da kwamandan Faransa Lami suka mutu a yaƙi ɗaya a Kusuri. Garin da aka kafa a tsallaken kogi ya ci sunan Fort-Lami har 1973, lokacin da ya koma Njamena.

Shekarar 1911 ita na fi son nuna wa yara. Jamus da Faransa sun kusa gwabzawa a kan Maroko, aka sasanta: Jamus ta bar wa Faransa Maroko, Faransa ta ba ta ƙasa mai faɗi ta wajen Kwango, ita kuma Jamus ta saki wani yanki tsakanin Logon da Shari da ake kira bakin agwagwa. Masuntan wurin ba wanda ya tambaye su. Suka kwana talakawan Jamus, suka tashi na Faransa.

Daga nan shafukan za su riƙa cika da sauri. Yuni 1915 Garwa ta faɗa hannun Ingila da Faransa, sojojin Jamus da ke kan dutsen Mora suka riƙe har Fabrairu 1916. A 1919 aka raba Kamaru, a 1922 rabon ya samu hatimin majalisar ƙasashe ta farko, a 1946 ya koma riƙon amana ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar 26 ga Agusta 1940 gwamnan Chadi Feliks Ebuwe ya bi bayan Janar Digol, daga Chadi kuma hafsan Faransa Leklar ya tashi ya ci Kufra da ke Libiya a 1941. Sai 1960: Kamaru 1 ga Janairu, Nijar 3 ga Agusta, Chadi 11 ga Agusta, Najeriya 1 ga Oktoba. Wanda ya cika waɗannan shafuka da hannunsa, ya riga ya samu ƙashin bayan abin.

Ka san zance iri biyu ne

Ƙasashe na magana da juna ta hanyar jakadu, a ɗaki, da takardu. Wannan tsohuwar sana'a ce, mu ma mun san ta, don Shehun Barno da Sarkin Musulmi Bello sun yi musayar wasiƙu da manzanni tun kafin Bature ya zo. Dokokinta na zamani suna cikin yarjejeniyar Biyana ta 1961, wadda ta ce ba a kama jakada, ba a kuma kutsawa ofishinsa.

Akwai kuma zance na biyu, wanda gwamnati ke tsallake takwararta ta yi kai tsaye da talakawan wata ƙasa. Shi ake kira diflomasiyyar jama'a. Ni a zamanmu zawarcin jama'a nake ce masa, don ya fi kama da abin: mai zawarci yakan zo da kyauta da daɗin baki, wani da niyya mai kyau, wani da akasin haka, amma ba wanda ke zuwa ba da buƙata ba. Sunan na Turanci wani tsohon jakadan Amurka ne, Edmund Gullion, ya yaɗa shi a 1965, saboda kalmar farfaganda ta riga ta yi wari. A 1990 wani malamin jami'a, Joseph Nye, ya ƙara wani suna da za a iya cewa ƙarfin lallami: ka sa mutum ya so abin da kake so ba tare da bulala ko kuɗi a hannu ba.

Aikin ya girmi sunan. Faransa ta kafa Alliance Française tun 1883, reshenta na nan Garwa har yau yara na zuwa karatu. Yaƙin duniya na farko ne ya buɗe ƙofar sosai. A 1917 'yan juyin juya halin Rasha suka tono yarjejeniyoyin sirri suka buga wa duniya, har da wadda Ingila da Faransa suka yi ta raba ƙasashen Larabawa. A Janairu 1918 Shugaba Wilson na Amurka ya fito da sharuɗɗansa 14, na farkonsu shi ne a daina ƙulla yarjejeniya a ɓoye. Ba a daina ba, amma daga lokacin kowace gwamnati ta gane dole ta nemi yardar jama'a, nata da na waje. Ingila ta kafa British Council a 1934, Amurka ta fara tallafin karatu na Fulbright a 1946, Jamus ta buɗe cibiyar Goethe a 1951, Mosko ta buɗe jami'ar ɗaliban ƙasashe masu tasowa a 1960 ta kuma sa mata sunan Lumumba a shekarar da ta biyo. Kennedy ya kafa rundunar 'yan sa-kai ta Peace Corps a 1961, a 1962 suka iso Kamaru. Waɗannan duka ka sa su a littafinka da jan biro, don ka bambanta su da zancen jakadu.

Rediyo: nan ne aikin yake

A nan zan daɗe, domin ba abin da ya shigo gidajenmu daga waje kamar rediyo. Mahaifina fataucin goro yake yi, karatun boko ko na rana ɗaya bai yi ba, amma ƙarfe takwas da rabi na dare ba mai tari a tsakar gidanmu in London ta fara magana. Ina tuna yadda yake naɗa waya a jikin eriya ya rataya ta a reshen darbejiya don muryar ta fito. A wurinsa na fara jin Mosko da Bejin da Alƙahira duk suna Hausa, kowa da irin lafazinsa.

Mataki na farko, rubuta shekarar haihuwar kowace tasha, ka duba me ke faruwa a shekarar. Ruwa ba ya tsami banza. BBC ta fara magana da harshen waje a Janairu 1938, da Larabci, saboda Italiya ta Musolini na zuga Larabawa daga tashar Bari. Muryar Amurka ta fara a 1942, ana tsakiyar yaƙi, da Jamusanci. Sashen Hausa na BBC ya buɗe ranar 13 ga Maris 1957 da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, mako ɗaya cif bayan Gana ta samu 'yanci, watanni kaɗan bayan Ingila ta sha kunya a rikicin mashigin Suwez, a lokacin da rediyon Shugaba Nasar na Masar ke cika kunnuwan Afirka daga Alƙahira. A fahimtata Ingila ta ga mulki na suɓucewa, ta nemi ta riƙe kunne ko da ta rasa ƙasa.

A 1963 tashoshi biyu suka fara Hausa, Muryar Jamus da rediyon Sin. Shekarar ce aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa, ranar 25 ga Mayu. Sabbin ƙasashe sun yi yawa, kowace da ƙuri'arta a Majalisar Ɗinkin Duniya. Jamus ta Yamma ba ta son kowa ya amince da Jamus ta Gabas. Sin kuma kujerarta a majalisar na hannun Taiwan, tana neman masu mara mata baya, shi ya sa Firayim Minista Zhou Enlai ya zaga ƙasashen Afirka 10 daga ƙarshen 1963 zuwa farkon 1964. Muryar Amurka ta makara, sai Janairu 1979 ta fara Hausa, bayan Shugaba Carter ya ziyarci Legas a 1978, Najeriya na sayar wa Amurka mai da yawa, tana kuma shirin komawa mulkin farar hula da tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka. Faransa da ta mulke mu ta daɗe tana ganin Faransanci ya isa, sai 2007 RFI ta buɗe sashen Hausa. Turkiyya ta ƙaddamar da TRT Afrika a 2023, da Hausa a ciki. Iran ma na da nata. Jera su haka kawai ya isa ya nuna maka wa ke tasowa, wa ke jin ana ture shi.

Mataki na biyu, rubuta wa ke biya. Muryar Jamus kuɗin harajin Jamusawa ne. Muryar Amurka majalisar dokokin Amurka ke ware mata. RFI ta gwamnatin Faransa ce. Sashen BBC na waje ma'aikatar harkokin waje ce ta riƙa biyansa har 2014, daga nan nauyin ya koma kan kuɗin lasisin talabijin da mutanen Birtaniya ke biya, gwamnati na ƙarawa. Na Sin da Iran da Turkiyya duk na hukuma ne.

Mataki na uku shi ne sauraron kansa, kuma mako guda yake ci. Zaɓi labari ɗaya da ya shafe mu. Misali, fitar sojojin Faransa daga Chadi: ranar 28 ga Nuwamba 2024 Njamena ta sanar da soke yarjejeniyar tsaro, sa'o'i kaɗan bayan ministan harkokin wajen Faransa ya bar garin, ranar 30 ga Janairu 2025 kuma aka miƙa sansani na ƙarshe. Raba tashoshi tsakanin mutanen zaman, kowa ya ɗauki ɗaya, ya haɗa da rediyon gwamnatin ƙasarku. Kowa ya rubuta abu huɗu: labarin na nawa ne a jeri, minti nawa aka ba shi, su wa aka ba dama suka yi magana, da wace kalma aka zaɓa. Kalmar nan ita ce wurin tsayawa. "An kore su" da "sun janye" da "yarjejeniya ta zo ƙarshe" abu ɗaya suke faɗa, amma hoton da kowanne ke bari a zuciya daban ne. Haka "'yan tawaye" da "'yan ta'adda" da "mayaƙa". Haka "sojojin haya" da "masu ba da horo". Haka "gwamnatin soja" da "gwamnatin riƙon ƙwarya". In kun haɗu ranar Alhamis, kowa ya karanta nasa, sannan ku tambayi juna: me wannan ta faɗa wanda waccan ta tsallake? Abin da aka tsallake yakan fi abin da aka faɗa nuna inda tasha ta dosa.

Akwai gwaji ɗaya da nake ba kowa. Ka taɓa jin tashar nan ta kawo labarin da zai ɓata wa gwamnatin da ke biyanta rai? Ta taɓa ba ɗan adawar ƙasarta dama? In ta taɓa, ka ƙara mata daraja. In shekara da shekaru ba ka taɓa ji ba, ci gaba da saurare, amma ka san sanarwar hukuma kake ji. Tashoshin ba ɗaya suke ba, kuma ba na yarda da mai cewa duk kanwar ja ce. Waɗanda ke magana a cikinsu 'ya'yanmu ne, daga Kano da Damagaram da Marwa, da yawansu sun yi aiki da gaskiya, sun faɗa mana abin da rediyon gida ya ɓoye. Ranar 6 ga Afrilu 1984, da aka yi yunƙurin juyin mulki a Yawunde, ni da kaina a gajeren zango na nemi labari. Wanda ya ce komai ƙarya ne ya huta da tunani, daidai da wanda ya ce komai gaskiya ne.

Ka kuma lura da masu toshe baki, don su ma suna cikin tarihin. Mali ta dakatar da RFI a Maris 2022, Burkina Faso a Disamban shekarar, Nijar a Agusta 2023, ta kuma dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024. Ko ka goyi bayan matakin ko ba ka goya ba, rubuta shi, ka rubuta wace murya ce ta cike gurbin.

Yau yawancin yaranmu a waya suke samun labari, ta Facebook da TikTok da WhatsApp. Tambayoyin ba su canza ba, sai dai amsarsu ta ƙara wuya, domin tasha tana da suna da adireshi, bidiyon da aka turo maka kuwa sau da yawa ba uwa ba uba. A zamanmu, abin da ba a san wanda ya fara sakinsa ba ba ya shiga littafi.

Kyauta: tambayoyi uku

Bayan murya sai kyauta. Madatsar ruwa, asibiti, masallaci, gurbin karatu, filin ƙwallo. Kowace ka gani, yi mata tambaya uku: wa ya bayar, a wace shekara, me yake nema a shekarar?

Ɗauki madatsar ruwa ta Lagdo, mai nisan kusan kilomita 50 daga nan. Kamaru ta ƙulla hulɗa da Bejin ranar 26 ga Maris 1971. Ranar 25 ga Oktoban shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa wa Bejin kujerar Sin da ƙuri'a 76, 35 suka ƙi, kuma 26 daga cikin masu goyon baya ƙasashen Afirka ne. A 1973 Shugaba Ahijo na Kamaru ya je Sin ya gana da Mao. Daga 1977 zuwa 1982 Sinawa suka gina madatsar, likitocinsu kuma suka zauna a asibitin garin Gidar. Wutar da na yi shekaru ina gyara takardun ɗalibai da ita daga Lagdo take, kifin da ke kasuwarmu ma haka, ba zan raina ba. Sanin dalilin kyauta ba ya rage amfaninta, yana dai hana ka ɗauka cewa soyayya ce zalla. Ka bi labarin har ƙarshe kuma: duk shekarar da aka buɗe ƙofofin madatsar, kamar 2012 da 2022, mutanen Adamawa da Binuwai a Najeriya na kuka da ambaliya, madatsar Dasin Hausa da aka yi zancen ginawa a can don tare ruwan kuwa har yau ba a gama ta ba. Kyautar wata ƙasa ta zama zance tsakanin maƙwabta biyu.

Chadi ta fi ba da misali ƙarara. Ta amince da Bejin a 1972, ta koma wa Taiwan a 1997, ta sake dawowa Bejin a Agusta 2006, a 2011 aka buɗe matatar mai ta Jarmaya da Sinawa suka gina. A Nuwamba 1972 Sarki Faisal na Saudiyya ya ziyarci Fort-Lami, Chadi ta yanke hulɗa da Isra'ila a watan, babban masallacin Njamena kuma sunansa yake ɗauke da shi. A Janairu 2019 Netanyahu ya sauka Njamena aka mayar da hulɗar. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Sa waɗannan shekarun a jere ka ga yadda ƙaramar ƙasa ke ciniki da abin da take da shi, wato amincewarta da ƙuri'arta.

Kada ka manta mu ma muna yi

Kuskuren da na fi gani wurin matasa shi ne ɗaukar cewa kullum mu ake yi wa. Ahmadu Ahijo haifaffen Garwa ne, kafin siyasa kuma ma'aikacin gidan waya ne mai aika saƙo ta rediyo. Lokacin yaƙin basasar Najeriya, 1967 zuwa 1970, Faransa na tallafa wa Biyafara, Gabon da Kwaddibuwa sun amince da ita, amma Ahijo ya tsaya tare da Legas. Ranar 1 ga Yuni 1975 shi da Janar Gowon suka sa hannu kan sanarwar iyakar teku a Marwa, takardar da ta yi nauyi a gaban Kotun Duniya lokacin shari'ar Bakasi. Kotun ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002, hukuncin ya haɗa da Darak a bakin Tafkin Chadi, Obasanjo da Biya suka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙa wa Kamaru Bakasi a Agusta 2008. Chadi da Libiya sun zub da jini a kan zirin Awuzu, amma kotun ce ta raba gardamar ranar 3 ga Fabrairu 1994, sojojin Libiya suka fita a cikin shekarar. Hukumar Tafkin Chadi kuwa shugabanninmu huɗu ne suka kafa ta a Fort-Lami ranar 22 ga Mayu 1964: Ahijo da Tombalbaye da Diori Hamani da Tafawa Ɓalewa. Ina alfahari da waɗannan shafuka, ina kuma so yara su san su kamar yadda suka san Balin.

Ƙwallo ma a sa ta. Ranar 8 ga Yuni 1990 Kamaru ta ci Ajantina ɗaya da nema a Milan, duniya ta san sunan ƙasar fiye da yadda jakadu suka sanar da ita a shekara 30. Isa Hayatu, ɗan garin nan, ya riƙe hukumar ƙwallon Afirka daga 1988 zuwa 2017.

Je ka wurin tsofaffi tun suna nan

Wannan shi ne na gaggawa. Ranar 11 ga Fabrairu 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama a yankunan Kamaru da Ingila ke riƙe da su. Kudu ta zaɓi Kamaru. Arewa, wato su Mubi da Gwoza da Dikwa da Ganye, ta zaɓi Najeriya da ƙuri'a 146,296, masu son Kamaru 97,659. Ranar 1 ga Yuni aka haɗe yankin da Najeriya aka sa masa suna Lardin Sardauna. Ahijo ya ayyana ranar a matsayin ranar makoki, ya kai ƙara Kotun Duniya, a 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci. Baffana yana Mubi a lokacin, mahaifina yana nan. Uwa ɗaya uba ɗaya, suka zama 'yan ƙasa biyu, kowa da gwamnatin da ta yi ta zawarcin ƙuri'ar mutanen yankin.

Waɗanda suka jefa wannan ƙuri'a yau sun haura 80 da yawa. In za ka je wurinsu, tafi da goro ko sukari da ganyen shayi, ka zauna ƙasa, ka gama gaisuwa tukuna. Kada ka tura wa dattijo waya a fuska, nemi izini kafin ka ɗauki murya. Kada ka ce "a wace shekara", ba haka suke lissafi ba. Ka ce, "Baffa, kuna ina lokacin da aka yi ƙuri'ar akwati biyu?" ko "Goggo, wa ya fara kawo rediyo unguwarku?" Ka tambayi mata musamman, domin su ne suka riƙe labarin aure da zumuncin da iyaka ta ratsa. Shekarar kai za ka nemo ta daga baya ka sa a gidan farko. In abin da tsoho ya faɗa ya saɓa da na littafi, rubuta duka biyun, kowanne da sunan inda ka samo shi.

Yadda zaman ke tafiya

Mu takwas ne zuwa goma, akwai tela, akwai ɗan acaɓa, akwai ɗalibai biyu na jami'a, akwai wani tsohon ma'aikacin kwastan. Muna farawa bayan isha'i, awa ɗaya da rabi, shayi zagaye uku. Zagayen farko na tarihi ne: mutum ɗaya ya kawo shekara ɗaya ya cika mana gida uku. Na biyu na sauraron mako. Na uku na gardama, kuma a nan ne nake sa ido. Ba a cewa "an ce", sai a faɗi wa ya ce. Ba a zagin ƙasa ko ƙabila. Siyasar jam'iyyun gida a bar ta a bakin ƙofa, don ta sha raba zama irin wannan. Yaro na da damar ya ce wa babba, "Baba, ina ganin shekarar ba haka take ba," muddin ya zo da hujja.

Taswira ɗaya ta isa, ko da ta bangon aji ce da ta tsufa. Sau ɗaya a wata uku kuma a tashi a je a gani da ido. Mun fara da tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Garwa, inda a da jirage ke hawowa daga Burutu da damina su kwashi auduga da gyaɗa, muka tsaya a bakin Binuwai muka karanta abin da taron Balin ya ce game da kogin. Wanda ke Kusuri ya je gadar Ngeli, wanda ke Mora ya hau dutsen Jamusawa. Mu tafiya ta gaba Lagdo ce, bayan ruwa ya ja. Maƙwabcina tela ne ya karɓi aikin shekarar 1971, jikarsa na rubuta masa, ya kuma ce shi zai yi mana bayani a kan madatsar.